Fim Ya Ceci Rufin Gidan, Wa Zai Ceci Tarihinsa?

Bayan sallar isha'i, wata ranar Asabar, na tarar da 'yar ƙanwata da ƙawarta a falo sun kifa kai a kan kwamfuta, ko sallamata ba su ji ba. Na leƙa. Wani katafaren gini ne na dutse mai ruwan zuma, hasumiya a tsakiya, koriyar ciyawa shimfiɗe iya ganin ido. Wata tsohuwar mota tana gangarowa a hankali, barori sun jeru a bakin ƙofa kowa ya ƙame.

"Kawu, dubi gida don Allah," in ji 'yar tawa. "Wallahi mutanen da sun more duniya."

Na ce, "Da a gidan nan aka haife ki, wace ce ke a cikinsu?"

Ba ta ko tsaya tunani ba ta nuna babbar 'yar maigidan, mai doguwar riga da safar hannu. Ƙawar ta ce ita tsohuwar nan mai sanda take so, uwar maigida, wadda bakinta ba ya shiru. Babu wadda ta zaɓi yarinyar da ke durƙushe gaban murhu tun asuba tana kwashe toka, alhali ita ma a cikin shirin take, kuma irinta ne suka fi yawa a gidan.

Downton Abbey suke kallo, shirin nan mai dogon zango da tashar ITV ta Birtaniya ta fara nunawa a 2010. Ban ga laifinsu ba, ni ma ina kallon irin waɗannan finafinai kuma suna burge ni. Abin da ke damuna shi ne wata ɗabi'a da ta game duniya, daga Landan har falon gidanmu: mu kalli fim, mu ga gini na gaske, mu ɗauka labarin ma na gaske ne. Ginin kuwa yana da nasa labarin, wanda sau da yawa ya fi na fim ɗin nauyi, wani lokaci ma ya shafe mu kai tsaye.

1. Yadda bango ya tsage

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Masu sarautar Ingila ba su buɗe wa 'yan fim ƙofa don sha'awa ba, talauci ne ya ƙwanƙwasa.

Arzikin waɗannan gidaje a kan ƙasa yake, wato kuɗin hayar gonaki. Daga shekarun 1870 alkama mai araha ta fara kwararowa daga Amurka, farashi ya faɗi, manoma suka kasa biyan haya. A 1894 gwamnati ta kawo sabon harajin gado. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kashe magada da yawa, barori kuma suka gano cewa aikin masana'anta da na kanti ya fi biya kuma ba a cin mutunci. A yaƙi na biyu sojoji da makarantu da asibitoci suka mamaye gidajen, suka bar wasunsu ba kyan gani. Da aka kai 1955, kusan duk kwana biyar sai an rushe gida ɗaya, saboda mai shi ya kasa riƙewa kuma ba mai saye.

Har manyan cikinsu sun ji jiki. A 1950 mai sarautar Devonshire na goma ya rasu, aka ɗora wa magadansa harajin kashi 80 cikin 100 na dukiyar. Suka sayar da gonaki, suka rabu da zane-zane masu daraja, suka miƙa gidan Hardwick sukutum a madadin kuɗi, aka shekara 17 ana ja-in-ja da hukumar haraji, don dai gidan Chatsworth ya tsira a hannunsu. Wasu iyalan suka ba ƙungiyar National Trust gidajensu, bisa dokar 1937 da ta ba su damar ci gaba da zama a wani sashe muddin jama'a za su shiga su kalla. Sai a 1974, da gidan tarihi na Victoria da Albert ya baje hotunan ɗaruruwan gidajen da aka rushe, sannan hankalin mutanen ƙasar ya tashi sosai.

2. Kuɗin kyamara

Akwai masu ƙorafin cewa shigar 'yan fim zubar da mutuncin gida ne: manyan motoci a kan ciyawa, wayoyin lantarki a kan darduma mai shekara ɗari biyu, baƙi suna sheƙa dariya a ɗakin da sarakuna suka kwana. Na fahimci kishinsu, amma ba na tare da su. Rufin darma ba ya gyaruwa da mutunci, kuɗi yake ci.

A dubi Castle Howard da ke Yorkshire, wanda aka fara gininsa a 1699. A watan Nuwamba na 1940 gobara ta cinye ƙubbarsa da ɗakuna masu yawa. An sake ɗora ƙubbar a farkon shekarun 1960, amma wani ɓangaren ya zauna kango har sai da kamfanin Granada ya zo ɗaukar Brideshead Revisited, wanda aka nuna a 1981. Da kuɗin wannan aiki aka tayar da zauren da ke fuskantar lambu. Gidan Highclere kuwa, wato wanda 'yata ke kallo, a 2009 an ƙiyasta gyaransa zai ci kusan fam miliyan 12, ɗakuna kusan 50 ba sa zaunuwa saboda yoyo da ruɓewa. Shekara guda bayan haka Downton ya fito, tikitin shiga gidan ya zama sai an yi rububi, aka fara gyara.

Kuɗin hayar lokeshan ma ba shi ne babbar riba ba. Ribar tana zuwa ne bayan 'yan fim sun naɗe kayansu: masu yawon buɗe ido, masu shan shayi, masu sayen tsaraba, masu hayar zaure don bikin aure. Gidan Lyme da ke Cheshire ya ga maziyartansa sun kusa ninkawa uku bayan BBC ta nuna shi a Pride and Prejudice a 1995. Magina da kafintoci da masu gyaran lambu na ƙauyukan kusa duk sun samu abin yi. Wanda ya ce a kori kyamara, sai ya faɗa mana aljihun da zai biya.

To amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ga askin.

3. Gida ya ari suna

Babu wani wuri a duniya mai suna Downton. Labarin ya ce a Yorkshire gidan yake, a arewa, amma Highclere yana Hampshire, can kudu. Ƙauyen da ake nunawa Bampton ne, a wata gundumar daban. Kicin da ɗakin cin abincin barori kuwa a situdiyon Ealing da ke Landan aka gina su da katako. In bara ya ɗauko faranti daga kicin ya haura bene, tsakanin taku na farko da na biyu akwai tafiyar mil da yawa da kwanaki masu yawa. Haka Pemberley, gidan da ke cikin Pride and Prejudice na 1995: wajensa Lyme ne, cikinsa gidan Sudbury ne a Derbyshire. Wannan sana'a ce, ba yaudara ba, kowane fim haka ake yin sa.

Matsalar tana farawa ne ranar da gidan ya fara amsa sunan aro. Iyalin Legh sun riƙe Lyme kusan shekara 550 kafin su miƙa shi a 1946, amma dubban masu zuwa tafkin kawai suke nema, inda jarumi Colin Firth ya tsunduma ya fito da jiƙaƙƙiyar riga. Wannan fage ma babu shi a littafin da Jane Austen ta wallafa a 1813, marubucin fim ne ya ƙirƙiro shi. A 2013 har wani ƙaton mutum-mutumin jarumin aka kai aka dasa a cikin tafkin na ɗan lokaci. Kayan aro ba ya rufe katara, amma a nan ya rufe har kai.

Highclere ne ya fi ba ni takaici, don tarihinsa ya fi ƙarfin a lulluɓe shi da tatsuniya. Charles Barry, wanda ya zana ginin majalisar dokokin Birtaniya, shi ya sake fasalinsa a shekarun 1840. Mai sarautar Carnarvon na biyar shi ya zuba kuɗin haƙar da Howard Carter ya yi a Masar har aka gano kabarin Fir'auna Tutankhamun a Nuwamban 1922, ya kuma rasu a Alƙahira bayan 'yan watanni. Matarsa Almina ta mayar da gidan asibitin sojoji a 1914. Mahaifinsa kuwa, mai sarautar na huɗu, shi ne ministan ƙasashen mulkin mallaka har sau biyu. Shi ya gabatar da dokar da ta kafa Kanada a 1867, a zamaninsa aka haɗiye Transvaal a 1877, kuma a zamaninsa ne, a 1874, aka haɗa Legas da ƙasar da ake kira Ghana a yau a ƙarƙashin gwamna guda. Mutumin da ya riƙa sa hannu a kan makomar Afirka ta Yamma a wannan gida yake kwana. Ɗan Najeriya ko ɗan Ghana da ya sayi tikiti ya shiga, ya ɗauki hoto a matattakalar da jarumar fim ke saukowa, ya fito bai san wannan ba, an rage masa rabin abin da ya biya.

A yi adalci, masu gidan sun ware ɗakunan ƙarƙashin ƙasa don nuna kayan Masar, kuma da yawa daga masu zuwa saboda fim suna ƙarewa a can. Fim ƙofa ce mai kyau. Ina dai so a wuce ƙofar.

4. Mutanen ƙasan bene

Ƙidayar 1911 ta nuna akwai barorin gida kusan miliyan 1.3 a Ingila da Wales, mafi yawansu mata, kuma akasarinsu ba a fada suke aiki ba, a ƙananan gidaje ne inda yarinya ɗaya ke yin komai. A manyan gidaje, 'yar wanke-wanke takan tashi kafin kowa, ta kwanta bayan kowa, ta ɗebi gawayi da ruwan zafi zuwa bene na uku ta wata ƙuntatacciyar matattakala da aka gina musamman don kada masu gida su gan ta. A gidan Uppark da ke Sussex, ramukan ƙarƙashin ƙasa aka haƙa wa barori su riƙa bi da abinci. Mahaifiyar marubuci H. G. Wells ta yi aiki a can, shi ma ya ga wannan rayuwa da idonsa yana yaro. Mace in ta yi aure yawanci aikin ya ƙare. In ta yi ciki, ko da ɗan maigida ne ya yi mata, korar kare ake yi mata ba takardar shaida, wanda kuwa ba shi da takarda ba ya samun wani aikin.

Downton ya taɓo wasu daga cikin waɗannan, ba zan musa ba. Amma maigidan cikin shirin mutum ne mai taushin zuciya, yana biya wa kukunsa kuɗin aikin ido, yana tsayawa wa baransa a kotu. An yi irin waɗannan iyayengiji, sai dai ba su ne ma'auni ba. Margaret Powell, wadda ta yi aikin kicin tun tana yarinya, ta rubuta tarihinta a littafin Below Stairs a 1968, kuma abin da ya fi fitowa a ciki shi ne ɗacin raini. Shi kansa Julian Fellowes, marubucin Downton, ya fi faɗin gaskiya a fim ɗin Gosford Park na 2001, inda barorin baƙi ko sunansu ba a kira, da sunan iyayengijinsu ake kiran su.

Akwai gidan da ya nuna yadda ya kamata a yi. A Erddig da ke Wales, iyalin Yorke sun daɗe suna sa a zana hotunan ma'aikatansu, kafinta da maƙeri da mai shara, suna rataye su a bango. Da National Trust ta karɓi gidan a 1973, sai ta tsara cewa maziyarci ta ɓangaren barori zai shiga, ya bi ta wurin wanki da kicin kafin ya kai falon manya. Wanda ya shiga ta nan, in ya ga tebur mai cokula ɗari, ya riga ya san hannun da ya goge su.

5. Kura da shan bugu

Yanzu ga abin da ya fi ci mini rai.

Kusa da birnin Leeds akwai gidan Harewood. Edwin Lascelles ne ya gina shi tsakanin 1759 da 1771, ya ɗauko Robert Adam ya ƙawata ciki, Thomas Chippendale ya ƙera kujeru da tebura, Capability Brown ya tsara lambu. A shirin Victoria na 2016 shi ya fito a matsayin fadar Buckingham, ya kuma fito a fim ɗin Downton na 2019. Kyau kam ba a magana. Kuɗin ginin daga Barbados da sauran tsibiran Karebiyan ya zo: sukari, bashin da ake ba masu gonakin rake, da jarin jiragen da ke jigilar mutane daga gaɓar Afirka.

Da majalisa ta haramta bauta a 1833, ta ware fam miliyan 20 na diyya, kusan kashi 40 cikin 100 na abin da gwamnati ke kashewa a shekara. Diyyar ba ta bayi kusan 800,000 da aka 'yanta ba ce, ta iyayengijinsu ce. Mai sarautar Harewood na lokacin ya karɓi sama da fam 26,000 a kan mutum 1,277. Waɗanda suka sare raken ko kwabo ba su samu ba, aka ma tilasta musu ƙarin shekarun aiki ba lada da sunan koyon sana'a har 1838. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Bashin da gwamnati ta ci don biyan wannan diyya kuwa sai a 2015 aka gama rufe shi, ma'ana jikokin bayin da ke zaune a Birtaniya sun biya haraji a kansa.

Ba Harewood kaɗai ba ne. Basildon Park, wanda ya fito a Pride and Prejudice na 2005 da kuma Downton, Francis Sykes ne ya gina shi da dukiyar da ya tara a Bengal ƙarƙashin kamfanin East India. Dyrham Park, inda aka ɗauki wani ɓangare na The Remains of the Day a 1993, na William Blathwayt ne, jami'in da ke kula da kuɗin shigar ƙasashen mallaka. Har yau a wani ɗakinsa akwai mutum-mutumi biyu na baƙaƙen mutane a durƙushe, da sarƙa a wuya da ƙafa, suna ɗauke da faranti. Ado ne a wurin mai gidan.

Ba na cewa kowane gida da jinin bayi aka gina shi. Wasu da hayar gona ne, wasu da kwal, kamar Wentworth Woodhouse, inda talakawan Yorkshire suka sha nasu kashin a cikin rami. Amma a Satumbar 2020 National Trust ta fitar da rahoto cewa 93 daga wuraren da take kula da su suna da alaƙa da bauta ko mulkin mallaka. Me ya biyo baya? 'Yan majalisa da wasu jaridu suka yi mata ca, musamman da suka ga gidan Churchill a jerin. Wasu mambobi suka kafa ƙungiyar adawa, suna cewa mutane hutu suka zo yi, ba wa'azi suka zo ji ba. Hukumar da ke sa ido kan ƙungiyoyin agaji ta bincika, ta ce a 2021 ba a karya doka ba. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Kuma ina da yaƙinin finafinan nan suna da hannu a wannan fushi, don sun shekara da shekaru suna koya wa mutane cewa gidan sarauta wurin shayi ne da rawa da neman miji, har duk wata magana da ta wuce haka ta zama kamar cin fuska.

Wani zai ce ai shirin Bridgerton ya gyara, tunda Netflix ta sa baƙar fata a matsayin sarauniya da manyan masu sarauta tun 2020, har Castle Howard ya zama gidan wani baƙin basarake. Na yi murna da 'yan wasan da suka samu aikin da aka daɗe ana hana irinsu. Sai dai shirin ya ɗora labarinsa a shekarar 1813, lokacin da bauta ke kan ganiyarta a Jamaika da Barbados, ya kuma ratsa ta gefenta kamar ba ta nan. Yaron da ya tashi da wannan kallo zai iya ɗauka kakanninsa a zauren rawa suke. Suna gonar rake ne, kuma daga cikin waɗanda aka tsallakar da su teku akwai Hausawa, waɗanda tarihin Bahia a ƙasar Brazil ya adana tawayensu na farkon ƙarni na 19.

6. Abin da nake nema

Ba na neman marubucin fim ya zama malamin tarihi. Tatsuniya yake sayarwa, kowa ya sani. In ya sa hali guda da zai tambayi inda sukarin kan tebur ya fito, ya kyauta.

Nauyin yana kan masu gida da masu kula da shi. Tunda sun karɓi kuɗin fim sun rufe yoyo, to maziyarcin da fim ya kawo ba na fim ba ne kuma, baƙonsu ne. Su nuna masa kujerar da jaruma ta zauna, ba laifi, shi ya kawo shi. Amma kafin ya fita a nuna masa ɗakin 'yar wanke-wanke, a buɗe masa littafin albashi, a rubuta sunan gonar rake da adadin mutanen da ke cikinta a allon da ido zai gani, ba a lungun da sai an nema ba. A ware wani kaso na kuɗin lokeshan don binciken takardun gidan, tunda yawancinsu suna nan jibge a akwatuna. Mu kuma masu kallo, musamman ɗalibanmu da ke karatu a can suna kai ziyara ranar hutu, mu riƙa tambayar mai rakiya kai tsaye: wa ya gina gidan nan, da kuɗin me?

Abin mai yiwuwa ne, don Harewood ɗin ma ya fara. David Lascelles, mai sarautar na takwas, wanda shi kansa tsohon furodusan fim ne, bai ɓoye asalin dukiyar gidansu ba. An buɗe takardun gonakinsu ga masu bincike, yana kuma cikin jikokin masu bayi da suka kafa ƙungiya a 2023 don neman gyara abin da ya wuce. A 2023 ɗin ne kuma gidan ya rataye hoton ɗan wasan kwaikwayo David Harewood, wanda kakanninsa bayin iyalin ne a Barbados, daga nan ma ya gaji sunan, a cikin jerin hotunan gidan. 'Yan fim ba su daina zuwa ba, maziyarta ma ba su gudu ba. Sauran gidajen da ke tsoron gaskiya za ta kore musu kasuwa sai su aika wakili Leeds ya duba littafin tikiti.